Tsakanin Zuci da Baki: Shin Ya Dace a Haɗa Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam da Na'ura?

Yau ina so mu leƙa wata magana da ake yi can nesa da mu, wadda in an bi ta sannu a hankali sai a ga ashe cikin ɗakunanmu na aure za ta ƙare.

A watan Janairu na 2024, likitoci a jihar Arizona ta Amurka suka cire wani ɗan ɓangare na ƙoƙon kan wani matashi mai suna Noland Arbaugh, suka dasa masa wata na'ura mai faɗin kwabo. Tun 2016 jikinsa ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa, sanadiyyar haɗarin da ya gamu da shi wajen wanka a tafki. Na'urar tana da zare 64, kowanne bai kai kaurin gashin kai ba, aka cusa su cikin ƙwaƙwalwarsa domin su riƙa ɗaukar motsin jijiyoyinta suna aika wa kwamfuta. Ba a daɗe ba sai ga shi yana sarrafa kwamfuta, har yana buga dara irin ta Turawa, ba hannu ba ƙafa, da niyyar motsi kawai. Kamfanin da ya ƙera na'urar sunansa Neuralink, na attajirin nan Elon Musk, an kafa shi a 2016.

To shi mai kamfanin bai ɓoye inda ya dosa ba. Tun a wani taro da aka yi a Dubai a 2017 ya ce in ɗan Adam bai haɗe da na'ura ba, ƙirƙirarriyar basira za ta wuce shi ta bar shi ba amfani. Marasa lafiya matakin farko ne, masu lafiya ake hange. Akwai kuma wani injiniya a kamfanin Google, Ray Kurzweil, wanda tun 2005 yake cewa a shekarar 2045 basirar mutum da ta na'ura za su narke su zama abu guda, mutum ya fi yadda yake nesa ba kusa ba, har ma a shawo kan tsufa da mutuwa.

Na san da yawa daga cikinmu tuni sun ja a'uziyya, kuma ban ga laifinsu ba. Amma mu dakata tukuna, don abu biyu ne aka ƙulle cikin ƙunshi ɗaya, kuma ɗaya daga ciki alheri ne tsantsa. Mu nan mun san kuɗin da ake biya in an yi wa sabon abu kuɗin goro. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da Kaduna saboda zargi, yaran da ƙafafunsu suka shanye a shekarun da suka biyo baya suna nan tare da mu, yanzu sun zama samari da 'yan mata.

Ga alherin. A 2012 masana a Amurka suka nuna wata mata da ta yi kusan shekara 15 jikinta a shanye, ta umarci hannun ƙarfe da tunaninta, ya ɗauko mata gorar gahawa ya kai mata baki ta sha. A 2023 kuma likitocin jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka dawo wa wata mata da magana bayan shekara 18 ba ta iya furta kalma. Muryar da kwamfutar ke fitarwa ma, daga faifan jawabin da ta yi ranar bikin aurenta aka kwaikwayo ta. 'Yar uwa, ki ƙaddara ke ce, shekara 18 kina kallon ɗiyanki suna girma ba ki iya kiran sunan ko ɗaya.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A ƙarshen 2016 annobar sanƙarau ta ɓulla a ƙaramar hukumar Zurmi, ta bazu Zamfara da Sakkwato da Katsina da wasu jihohi. Kafin ta lafa a tsakiyar 2017 an lissafa mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka tashi kuwa ba duka suka tashi lafiya lau ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tsira daga irin wannan sanƙarau, ɗaya yakan fita da tabo na dindindin, kuma kurumta tana sahun gaba. Alhali akwai na'urar da ake dasawa a bayan kunne, da siririyar waya da ake zurawa can cikin wani lungu na kunne mai kama da katantanwa, tana mai da sauti ya zama saƙon lantarki, ta miƙa shi ga jijiyar ji, ita kuma ta kai wa ƙwaƙwalwa. An fi shekara 40 ana dasa ta, kusan mutum miliyan ɗaya ke ɗauke da ita a duniya. Wannan ma haɗa jijiyar mutum da na'ura ne. Wace uwa ce a Zurmi ko Shinkafi za a ce ga abin da zai sa ɗanta ya sake jin kiran salla, ta ce ba ta so?

Shari'a kuwa ba ta bar mu cikin duhu ba a nan. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an sare masa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa, ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinari, duk da cewa zinari haramun ne ga maza. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. A ɗaya gefen kuma ga hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari, inda aka la'anci masu zanen jiki da masu yin wushirya da gangan don neman kyau, saboda sun canza halittar Allah, ga kuma aya ta 119 a Suratun Nisa'i da ta nuna cewa canza halitta yana cikin abin da Shaiɗan ya ɗau alwashin zai umarci mutane da shi. A kan wannan bambanci Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na 2007 a Maleshiya, game da tiyatar gyaran jiki: mai da gaɓa yadda take ko dawo mata da aikinta ya halatta, sauya lafiyayyar halitta don bin son rai bai halatta ba. Saboda haka batun kurma da bebe da shanyayye, ni a ganina, babu wani dogon zance. Amana ce ta suɓuce, likita ya taimaka aka maido ta.

Inda gizo ke saƙa shi ne mai lafiya, wanda babu abin da ya same shi, ya kai kansa a huda don ya fi sauran mutane basira. Da farko dai mu san cewa har yau babu na'urar da ke iya zuba wa mutum ilimi a ka. Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, na'urar Arbaugh kuwa wurin saurarenta 1,024 ne, kuma bayan 'yan makonni ma da yawa daga zaren suka zame daga inda aka sa su, sai da aka yi dabara a manhajar kwamfutar. Tsakanin wannan da abin da Kurzweil ke faɗi akwai tafiyar da ta fi ta Ƙauran Namoda zuwa Makka a ƙasa. Amma tambayar halacci ba ta jiran sai abu ya iso ƙofar gida, gara a yi ta tun da sauran sarari.

Mu ƙaddara sun ci nasara. Me suka ƙara wa mutum? Hausa ta fi su rarrabe abin nan. Muna da ƙwaƙwalwa, muna da wayo, muna da basira, sannan muna da hankali, kuma kowace uwa ta san ba abu ɗaya ba ne. Sau nawa aka ce yaro kaza akwai ƙwaƙwalwa amma ba hankali? A aji na sha ganin yarinya mai ɗauke shafi guda a zama ɗaya, da wata mai kwana bakwai a kan rabin shafi, amma in aka zo riƙon amana da sanin ya kamata sai ta biyun ta yi mata fintinkau. Ɗan katin da ke cikin wayarki yana ɗauke da izu 60 cif, da muryar alarammomi goma in kina so, ba ya mantuwa, ba ya tuntuɓe a ayoyi masu kama da juna, amma ban taɓa jin an kira shi Gwani ba, ba kuma wanda ya taɓa yi masa walimar sauka. Abin da muke girmamawa a mahaddaci shi ne shekarun da ya yi yana wanke allo yana sake rubutawa, da tashin asuba cikin hunturu, har karatun ya shiga halinsa.

Malaman luga sun ce kalmar aƙali ta Larabci tushenta ɗaya da iƙali, wato igiyar da ake dabaibaye raƙumi da ita. Hankali dabaibayi ne. Aikinsa riƙewa.

To a nan ne maganar Musk ta fi tsaya mini a rai. Kukansa shi ne wai mutum yana da nawa wajen fitar da abin da ke kansa. Na'urori suna musayar bayani cikin ƙiftawar ido, mu kuwa sai mun bi ta harshe ko ta yatsu biyu a kan waya, saboda haka a buɗe hanya kai tsaye daga ƙwaƙwalwa zuwa na'ura, tunani ya fita da gudun da ya zo. Wannan 'yar rata da ke tsakanin zuci da baki, ita yake gani a matsayin cikas. Ni kuwa da na duba sai na ga a cikinta aurenmu yake zaune. Maigida ya shigo ya faɗa miki maganar da ta soke ki, amsa ta taso miki har maƙogwaro, amsar da kin san in ta fita sai an kira waliyyai. Kafin ta kai leɓe kin tuna ɗiyanki, kin tuna alherinsa na jiya, kin ce a'uzu billahi, kin haɗiye. Daƙiƙa biyu ce ko uku. Haƙurin da iyaye ke yi wa amarya huɗuba da shi ranar da za a kai ta, a cikin waɗannan daƙiƙu ake yin sa. Kunya ma nan take, da kara, da kawaici. Hausawa suka ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, suka kuma ce magana zarar bunu ce.

Addini ya gina hukunci a kan ratar nan. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka saƙa, matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Da wannan hadisi mafi yawan malamai suka kafa hujja cewa mutumin da ya saki matarsa a zuci, bai furta ba, bai rubuta ba, matarsa tana nan. Ku duba girman wannan rahama! Da a ce duk sakin da ya gilma a zuciyar namiji lokacin fushi yana aukuwa, wallahi da gidaje kaɗan ne za su kai shekara. Yanzu ma da yatsa ke tsakani, kun ga yadda sakin tes ya addabi alƙalai da malamai, mutum ya rubuta cikin zafin rai ya danna, kafin ya huce saƙo ya isa. To ina ga ranar da babu yatsan ma, tunani ne zai wuce kai tsaye ya faɗo wayar matarsa a rubuce? Ya furta ne ko bai furta ba? In ya ce shi bai yi niyyar aikawa ba, na'ura ce ta riga shi, wa zai ƙaryata shi, wa kuma zai gaskata shi? Mace na zaune ba ta san ko da aure a kanta ko babu ba.

Kada wata ta ce wannan tatsuniya ce. A 2025 masana a jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada mutum huɗu masu shanyewar jiki da aka dasa wa irin waɗannan na'urori, suka ce su riƙa faɗin jimloli a zuci kawai, ba tare da yunƙurin motsa baki ba. A mafi kyawun gwajin, kwamfuta ta canki kashi 74 cikin 100 na kalmomin. Har ma ta tsinci wasu kalmomi da ba a ce su faɗa ba. Su masanan da kansu abin ya dame su, sai suka sa wa na'urar kalmar sirri, ba za ta fara fassara ba sai mutum ya raya wannan kalma a ransa. Wato da hannunsu suka rushe katanga, suka dawo suna neman ƙyauren da za su kafa a gurbinta.

Zuciya ɗaki ne da Allah ya yi wa sutura, bai ba mala'ikan miji ko na uwar miji mabuɗinsa ba, balle kishiya. Ko Usama ɗan Zaid, da ya kashe mutumin da ya yi kalmar shahada a fagen yaƙi bisa zaton tsoro ne ya sa shi, tambayar da Annabi (SAW) ya yi masa ita ce ko ya tsaga zuciyarsa ya gani. An hana mu bin diddigin abin da ke zukatan mutane, an ce mu tsaya a zahiri. Mu da binciken wayar juna kawai ya kashe aure ba adadi, ina za mu iya da binciken zuci?

Sai kuma batun wanda mabuɗin zai koma hannunsa. Mu mutanen Zamfara muna da darasin da wasu ba su da shi. A farkon Satumba na 2021 aka katse sabis na waya a jihar nan baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata bayan kusan wata guda, sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da sanarwar maidowa. Kun tuna yadda aka yi: mai ɗa a Legas ba ta san halin da yake ciki ba, kuɗi na banki ba damar cirewa, mutane na hawa mota har Funtuwa don su yi kira ɗaya. Wancan waya ce, tana cikin jaka, da ta mutu mun ajiye ta mun ci gaba da tunaninmu. Wanda rabin tunaninsa ke rataye da sabis fa, ranar da aka katse, shi wane ne?

Kamfani ma yana mutuwa. Wani kamfani a Amurka mai suna Second Sight ya dasa wa makafi fiye da 350 na'urar da ke ba su ɗan gani, a 2019 ya daina ƙera ta, a 2020 ya kusa rushewa, aka bar bayin Allah da ƙarfe a ido, in ya lalace ba mai gyara. A Ostiraliya wata mata mai farfaɗiya tun ƙuruciya aka dasa mata na'ura a 2010, mai yi mata gargaɗi kafin ciwon ya taso, har ta samu ta fara fita ita kaɗai ba fargaba. Kuɗin kamfanin ya ƙare, aka ce kowa ya zo a cire. Ita da mijinta suka nemi su saya, har suka yi tayin jinginar da gidansu, abin bai yiwu ba, aka cire tana kuka. Abu yana cikin kanta amma ba nata ba ne. Kuma in ana maganar gwaji, mu ba baƙi ba ne: a 1996, lokacin wata annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 a Asibitin Zana na Kano, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ne ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ƙasar Chile ta hango irin wannan, a 2021 ta gyara tsarin mulkinta ta sa kariya ga ƙwaƙwalwar ɗan ƙasa da bayanan da ake ɗauka daga cikinta.

Mai ja da ni za ta iya cewa, Malama, ai alƙalami ma ƙari ne ga ƙwaƙwalwa, haka littafi, haka tabarau, haka wayar da kike rubutu da ita, me ya sa ba ki haramta su ba? Tambaya ce mai kyau, kuma ban yarda cewa duk abin da ya ƙara wa mutum iyawa canza halitta ba ne. Bambancin da nake gani shi ne littafi yana waje. Ina buɗe shi, ina rufe shi, ina iya cewa marubucin nan ya yi kuskure, domin ni daban shi daban. Alƙalin da ke auna abin da littafi ya faɗa yana zaune lafiya a cikin kaina. Abin da aka dasa a cikin alƙalin kansa, da me za a auna shi? Likitoci sun rubuta cewa wasu masu ciwon makyarkyata da aka sa wa wayar lantarki a ƙwaƙwalwa don rage musu karkarwa, halinsu ya sauya, wani ya faɗa caca, wani ya zama mai gaggawar da ba a san shi da ita ba, sai da aka daidaita na'urar. Hisabi kuwa a kan hankali aka ɗora shi, shi ya sa aka ɗauke alƙalami daga yaro da mai barci da mahaukaci, shi ya sa kuma malamai irin su Gazali suka lissafa tsare hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare. In an haramta kurɓin giya saboda tana taɓa shi na 'yan sa'o'i, da wuya a ce mai lafiya ya miƙa shi ga kamfani har abada don neman fifiko.

Za ta iya ƙarawa da cewa, to ai shanyayyen ma ya miƙa nasa. Haka ne, kuma wannan ne wurin da ya fi wuya. Sai dai shi lalura ce ta kai shi, ya auna cutar da yake ciki da wadda yake tsoro, ya ɗauki mai sauƙi, kuma nauyin kare shi yana wuyan hukuma da likitoci. Mai lafiya ba shi da cutar da zai ɗora a ɗaya gefen sikeli, sai kwaɗayin ya fi kowa da tsoron kada a wuce shi. Alkawarin dawwama da mulkin da ba ya gushewa kuwa, duk wadda ta kai Suratu Ɗaha a karatu ta san wanda ya fara yi wa babanmu Adamu shi.

Abin da ke ba ni takaici, ana can ana zuba biliyoyin daloli don a ƙara wa lafiyayyu basira, mu nan wadda Allah ya ba ɗiyanmu kyauta ce ke zubewa. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinari da ake daka wa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, dubbai kuma ta shiga jininsu, ita kuwa dalma ƙwaƙwalwar yaro take fara ci. Sanƙarau bai daina zagayowa da zafin bazara ba. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar, in ta iso garinku a fito da yara.

Yaron da ya tashi daga sanƙarau kuma, kada a jira sai an ga ya daina amsa kira. A kai shi a auna jinsa da wuri, domin ciwon yakan sa wancan lungu na cikin kunne ya cike da ƙashi cikin 'yan watanni, in ya cike dasa na'urar yakan yi wuya ƙwarai. Akwai cibiyar kula da lafiyar kunne ta tarayya a Kaduna, likitan babban asibitinku zai iya rubuta muku takardar zuwa. Kuɗin na'urar ya fi ƙarfin talaka nesa, wannan gaskiya ne, amma ba kowane yaro ne ke buƙatar dashe ba, wani ƙaramar na'urar maƙalawa a kunne ta ishe shi. Ina kira ga rassan ƙungiyarmu na Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, kowace Islamiyya ta rubuto sunayen yaran unguwarta da suka kurumce tun daga annobar 2017, da shekarunsu, da ko suna zuwa makaranta, a haɗa a kai wa Amira kafin taron jiha mai zuwa.